Tsagen Inna a Hasken Ƙofa

Na yi shekaru ina sana'ar hoto a Dogon Dutsi, kuma ba na jin akwai unguwar da ba a rataye aikina a bango ba. Na ɗauki amare da angwaye, na ɗauki ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, masu neman hoton jarrabawa, na ɗauki ma'aikatan da aka turo garinmu suna ɓata rai, na sake ɗaukarsu ranar da za a ɗauke su daga garin, nan ma suna ɓata rai. Har raƙumi na taɓa ɗauka, mai shi yana so ya aika wa surukinsa ya san da wa yake magana. Mutum ɗaya ce ban taɓa ɗauka ba, ita ce mahaifiyata.

Wanda ba ɗan nan ba zai ce ko ba ma shiri. Ba haka ba ne. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. In za ta yi maganata sai ta ce "wancan", da na fara sana'a kuma na samu ƙarin girma, na koma "mai hoto". In na shiga gaishe ta, kafin in kai gwiwa ƙasa ta riga ta kawar da kai, ta amsa a gajarce, ta yi shiru har in tashi. In ta dama mini fura ba ta ce ga taka ba, sai ta ce wa iska, "A ba baƙo ruwa." Kakata ce ta raine ni, a bayanta na yi wayo. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, kowa ya faɗa mini kuma na yarda. Duk da haka abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Yana yi mini ciwo ina yaro, bai kuma daina ba da na yi furfura.

To ka ga sana'ata kuwa gaba ɗayanta magana ɗaya ce: dube ni nan. Ka sa ido a bayan kyamara, mutum ya zauna gabanka, ka kalle shi ya kalle ka. Yaya za a yi in ce wa Inna ta dube ni? Sau ɗaya na gwada, shekarar da na sayi kyamarata ta farko. Na rataya ta a wuya na shiga garinmu, wani ƙauye can gaba da Gesheme, ina tafiya ina jin kaina. Na ɗauki baba, na ɗauki ƙannena, na ɗauki maƙwabta har da waɗanda ba a kira ba. Inna tana hango abin a wuyana ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da ta tabbata na kama hanya. Hotonta guda ɗaya ne a duniya, na katin shaida, wani mai hoto ya ɗauke ta a Tibiri. Bai fi babban yatsa ba, hatimi ya cinye rabin fuskar, sauran rabin kuma yoyon wata damina ya ƙarasa shi.

Ina cikin wannan sai wayoyi suka zo suka kashe mana kasuwa. Ba zan yi ƙarya in ce na karɓi abin da kyakkyawar zuciya ba. Ni da na koyi aiki a ɗakin duhu, ƙarƙashin jan ƙwan fitila, ina shaƙar warin ruwan wanke hoto har ya zauna mini a riga. Ni da na san yadda ake fere fensir ya yi tsini, a bi kilishe, wato baƙar takardar da ake fitar da hoto daga cikinta, a ɗige ƙurajen fuskar amarya ɗaya bayan ɗaya ba tare da an taɓa kamanninta ba. Rana ɗaya aka wayi gari kowane ɗan kabu-kabu ya zama mai hoto. Na rufe sitidiyo, na koma wani ɗan shago ina fitar wa mutane hotunan wayarsu a takarda. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne fuskokin. Kowa ya zama fari, kowa ya zama sumul, ba kurji ba tabo. Wata ta kawo mini hoton mijinta, mutumin da na sani tun yana tallar goro, wallahi sai da na tambaye ta ko sabon aure ta yi.

Wanda ke sayar wa mutane waɗannan wayoyin kuwa ba kowa ba ne, autanmu ne. Yana da butik kusa da tasha. Matashi ne mai gemu da ɗagaggen wando, mai son karatun addini, ba ya zuwa inda ake kiɗan bori, ba ya ƙaunar a yi wa jariri tsage. Shi da ƙanwarmu ba a yi musu tsagen ba, zamani ya riga ya juya kafin a haife su. Ni ne na ƙarshe a ɗakinmu da wanzami ya taɓa wa kunci, layi biyu kowane gefe, daga gefen baki zuwa kunne, irin na Inna, irin na Arawa. Muna yawan musu da auta, amma musun bai taɓa hana mu cin tuwo a kwano ɗaya ba. Shi ne ɗan lelen Inna. Abin da ta hana ni duk shi ta tara wa, tana kiran sunansa, tana zolayarsa, tana ja masa gemu ta ce na bunsuru ne.

Ƙanwarmu tana aure a Abijan, ta daɗe ba ta zo ba. Ta haifi ƴa mace aka sa mata sunan Inna, shi ya sa muke ce mata Inna ƙarama. Yarinyar ta girma can, ta shiga lakwal, ba ta taɓa taka Arewa ba. Wata rana bayan an gama girbi ƙanwar tamu ta aiko da saƙon murya, auta ya kai wa Inna ya kunna mata. A ƙarshen saƙon sai ga muryar yarinyar da Hausarta ta ƴan birni, tana cewa ita kowa a ajinsu ya san kakarsa, ita kuwa an ba ta sunan wata ba ta ma san kamanninta ba. Auta ya ce Inna ta sa ya maimaita wurin, ta sake sa shi ya maimaita. Sannan ta ce, "A ɗauke ni. Takwarata ta san ni tun ina da rai."

Da ya zo ya faɗa mini, na yi kamar ban damu ba. Na ce Allah ya ba da sa'a. Amma da safe kafin ya tayar da babur ina bakin butik ɗinsa da tsohuwar kyamarata a jaka.

A lokacin Inna ta daina fita. Tun da ta faɗi a bakin rijiya ƙugunta ya ƙi, idanunta kuma ba sa jure rana. Ko bakin ƙofa aka kawo ta sai hawaye, ta runtse ido, ta yamutsa fuska. Ɗakinta na ƙasa ne, ƙofa ɗaya, da wata ƴar taga da aka toshe da tsumma tun baba yana da rai. Da rana tsaka ma in ka shiga sai ka tsaya idonka ya saba kafin ka ga inda za ka sa ƙafa. Ina leƙawa na san kyamarata ba ta da aiki a nan. A irin wannan duhun ba ni da dabara sai fulashi, fulashi kuwa na san halinsa. Ya daki fuska ta yi fari fat, ido ya yi ja, bayan mutum ya zama baƙi ƙirin. Mai lafiyar ido ma sai ya yi ta ƙifce-ƙifce, balle Inna. Na gaishe ta, ta kawar da kai ta amsa, na fito na zauna kan turmin da ke kife a bakin ƙofa, jakata a cinya.

Auta ya shiga da wayarsa. Ina jin su suna hira, tana tambayarsa yaushe zai ƙara aure, yana dariya. Ban ga walƙiya ba, ban ji komai ba, sai ga shi ya fito yana miƙo mini.

"Yaya, duba nan. Mod nuwi ke nan, yanayin dare. Ba fulashi ba komai."

Na karɓa da niyyar in kushe, sai na rasa abin kushewa. Ɗakin nan da na sani tun ina yaro, ban taɓa ganinsa haka ba. Ga ƙorai jere a bango, har zanen jikinsu ya fito. Ga carbi rataye a ƙusa, ga luddai, ga saƙin da ta lulluɓe ƙafa da shi, kana iya bin zarensa da ido. Abin da da zai sa in ɗauko fitilu da ƙafar kyamara in yi ta gumi, in kuma kasa, wannan ƴar aba ta yi shi cikin numfashi kaɗan. Auta ya ce hotuna da yawa take ɗauka a jere, ta tattara ɗan hasken da ke cikin kowanne ta haɗa. Na ji kishi, na kuma ji sha'awa, duka a lokaci guda. Sai na kai ga fuskar. Wata mata ce mai haske, kunci sumul, da ɗan murmushi. Kyakkyawa ce, ban ƙi ba. Na mayar masa.

Ya koma ciki ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya kai mata dab da ido. Haka take gani yanzu, abu mai haske in an kawo shi kusa.

"Wagga wa ta?" in ji Inna.

"Ke ta mana, Inna."

"Ni? Ɗiyar wa ta dai? In nig gamu da wagga cikin kasuwar Kore Mairuwa, tambayarta zan yi daga wane gari taz zo. Ina tsagena?"

Auta ya fara kame-kame. Ya ce wayar ce take gyarawa da kanta, otomatik ne, kowa haka yake so yanzu. Sai ya ƙara da abin da ke ransa, cikin lallashi. "Ai gara haka, Inna. Tsagen ga ba addini ba ne."

"Ni nac ce maka addini na? Huskata ta."

Ni kuma da ke kan turmi na kasa haƙuri. Na ɗaga murya na ce, "Malam, kai ne kullum kake cewa tsage canja halittar Allah ne. To wayar taka mi tay yi yanzu?"

Ya leƙo ta ƙofa, ya shafa gemu. Sai ya yi dariya ya ce, "Yau kam ka kama ni, Yaya." Abin da nake so da yaron nan ke nan, in gaskiya ta zo ba ya gudu.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce kada a aika. Ta ce in takwararta ta ga wannan, wata za ta sani ba ita ba, gara ta zauna da rashin sani. Na ji motsin gado, na san ta juya ta kwanta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Tsohuwar nan ta yi shekarunta duka tana gudun hoto, rana ɗaya da ta nema da bakinta, ga mai hoto ga mai waya a gidanta, a ce mu koma ba mu ba ta abin da ta roƙa ba.

Muka koma ɗakin baba, wanda yanzu ake ajiye buhuna a ciki, duhunsa ɗaya da nata. Muna bukatar fuska mai tsage da za mu gwada, fuska mai tsage kuwa tawa ce kawai a kusa. Wanzami ba ya son jarfa. Ni da na zaunar da rabin gari ina ce musu ɗaga haɓa, sauke kafaɗa, yau ga ni kan buhun gero auta yana juya ni. Ya shiga cikin wayar ya kashe wani abu da ya kira bote, mai goge fuska. Ya ɗauke ni. Launina ya dawo, furfurata ta dawo, tsagen ma ya fito, amma sama-sama, sai ka nema. Wayar ta cika ko'ina da haske daidai wa daida, har cikin layukan.

Nan kuma aka shigo gonata. Na ce masa tsage kwarmi ne, ba a ganinsa sai inuwa ta kwanta cikinsa. Kamar sawun akuya ne a rairayi, da rana tsaka da ƙyar kake gane shi, in rana ta yi ƙasa kuwa daga nesa za ka bi shi. Haske daga gefe muke so, kuma kaɗan. Shi kuma ya nuna mini yadda ake dafa yatsa a kan gilashin a ja ƙasa, a hana wayar cika haske. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muka jira la'asar, muka yi salla, rana ta sauko ta fara shigowa ƙofa a karkace. Na juya kuncina ga ƙofa, ya ɗauka.

Ban taɓa kallon fuskata haka ba. Madubin aski ba ya nuna maka gefen kunnenka. Layukan suka fito raɗau, kowanne da inuwarsa. A nan na fara lura cewa na hagu, na ƙasan, bai tafi daidai ba. Yana zuwa dab da kunne sai ya ɗan karkace ya yi ƙasa. Na shekara hamsin da wani abu ina yawo da shi ban sani ba. Auta ya ce ashe wanzamin ma koyo yake yi, na ce ya yi mini shiru.

Ya koma wurin Inna ya lallashe ta ta tashi zaune. Sai wata matsalar ta ɓullo. Wannan yanayin dare yana so mutum ya tsaya cak na ɗan lokaci, Inna kuwa in auta yana gabanta ba ta san tsayawa ba. Shi take kallo, da shi take magana. Ya ce ta dubi ƙofa, ta duba ta juyo ta ce, "Mi ad da akwai ga ƙohwa?" Ya ce ta yi shiru, ta ce tun yaushe ya fara ba ta umarni. Duk hoton da ya ɗauka sai ya fito da baki biyu ko hanci a shafe. Rana kuma tana ta sauka, hasken da muke jira tun azahar ya fara ja da baya. Ina kan turmi ina kallon inuwar zana tana matsowa.

Auta ya fito yana share gumi. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, sai na ga idonsa ya yi wani haske.

"Yaya, in kai ka shiga, ina Inna take dubawa?"

"Ƙofa," na ce.

"Tana magana?"

"A'a."

"Tana motsi?"

Ya danƙa mini wayar a hannu.

Na yi sallama na shiga. Ban zauna gabanta ba, na raɓa jikin bango daga gefe na durƙusa, inda na saba durƙusawa. Na ce, "Barka da yamma, Inna." Ta ce, "Barka kadai." Ta kawar da kai wajen ƙofa kamar yadda ta yi duk tsawon rayuwata, ta yi tsit. Hasken la'asar ya kwanta a kuncinta.

Da kyamarata ce, dole in ɗaga ta zuwa ido in fuskance ta, da kuwa ta ja mayafi. Waya ba ta bukatar haka. Na ɗora ta kan gwiwa, na sunkuyar da kai ina kallon gilashin, kamar ɗa mai ladabi da ke kallon ƙasa. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba, ba wanda ya karya komai. Amma ga fuskar mahaifiyata a tafin hannuna, ina kallonta yadda na ga dama. Na ga layukan nan biyu sun taso daga gefen baki, sun ratsa tamojin tsufa ba su ɓace ba, sun kai kunne. Na ga hujin kunnen ya yi tsawo saboda nauyin ƴan kunnen da ta daina sawa. Na ga girarta irin tawa ce, ban taɓa sani ba. Na ga wata jijiya tana bugawa a gefen wuyanta. Na danne gwiwar hannu a cinya don kada wayar ta motsa.

Ta san abin da nake yi sarai. Ta ɗaga hannu ta gyara kallabi, ta ce wa ƙofa, "Kallabin ga ya ishe ni da zamewa." Ta mayar da hannu cinya, ta ɗan ɗaga haɓa. Ban ce ta yi ba. Na ja hasken ƙasa yadda auta ya koya mini, na riƙe numfashi, na taɓa. Na ƙara wani, na ƙara wani. Sannan na ce, "Na bar ki lafiya," ta ce, "To," na fito. Da na kai waje sai na wuce bayan rumbu na tsaya, don ba na so auta ya ga idona.

Shi ya kai mata. Na dawo kan turmina ina saurare.

"I," in ji ta. "Ni ta. Kai, na tsuhwa." Can kuma ta ce, "A aika."

Garinmu ba rezo, wato waya ba ta kamawa, sai ka hau tudun da ke hanyar Gesheme, don haka muka bari sai da muka koma Dutsi. Auta ya buɗe mini wani abu na gyaran hoto a wayar, ya ce in yi yadda nake so. Akwai na ƙara fari, akwai na rage hanci, akwai na ƙara girman ido, har da na sa wa mutum jan baki. Na yanke gefen da buhu ya shigo, na ɗan ƙara wa inuwar bango duhu don fuskar ta fito, na tsaya nan. Aikin da da zai cinye mini yini a ɗakin duhu, na gama shi kafin shayin auta ya huce. Muka aika Abijan. Na fitar da babba a takarda na rataye a shagona.

Wannan hoton ya canja mini sana'a, ba tare da na shirya ba. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya a gabansa. Wani ya ce kakarsa ma tana ɗaki ba ta fita, wata ta ce babanta yana Dogon Kiriya, tsagensa ya fi wannan kyau, ko zan je? Na sayi waya a wurin auta, ni da na rantse ba zan riƙe ba, ya kuwa yi mini dariya son ransa. Yanzu ina shiga ɗakunan da kyamarata ba ta taɓa iya shiga ba, ina zaunar da tsofaffi gefen ƙofa, ina jiran la'asar. Matasa masu kawo hotuna kuma na kan tambaye su ko suna so in nuna musu inda ake kashe bote. Wasu su ce a'a, su fari suke so, in ce Allah ya ba da sa'a. Wasu su yarda, su ga kansu, su ce ashe ba su da muni. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja, ni dai na makara kafin in shiga fili.

Amsar Abijan ta zo bayan ƴan kwanaki. Saƙon murya ne da hoto. Ƙanwarmu tana magana tana faɗa tana dariya, ta ce ku ga abin da kuka jawo mini. Yarinyar ta yini da wayar a hannu tana buɗa hoton tana rufewa, ta tambayi mene ne wannan a kumatun kaka, aka ce mata alamar gidansu ce, duk wanda ya gani ya san daga ina take. Washegari aka nemi kwallin uwar aka rasa. Sai ga Inna ƙarama ta fito daga ɗaki, ta ja wa kanta layi biyu kowane kunci, daga baki zuwa kunne, ta ce a ɗauke ta a aika wa takwararta.

Na dubi auta ina jiran wa'azi. Ya daɗe yana kallon hoton, yana murmushi. "Kwalli ne," ya ce. "Ruwa zai wanke. Tashi mu kai mata."

Muka kama hanya ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Na gaishe ta, ta kawar da kai, na fito na hau turmina. Auta ya kunna mata saƙon, sannan ya buɗa hoton ya kai mata dab da ido. Sai na ji abin da na daɗe ban ji ba, Inna tana dariya da ƙarfi, har da tari, har auta yana ce mata ta sha ruwa.

"Ja'ira!" take cewa. "Ja'irar ɗiya! Ta san ni. Wallahi ta san ni. Matso mani da ita in gani da kyau."

Ina jin kaji suna tono a bayan zana.

"Na daman ta yi daidai," in ji Inna. "Na hagun ne, na ƙasa, ya karkace wajen kunne. Awa na wancan."

Auta ya ce, "Na wa, Inna?"

"Na mai hoto mana. Ran da anka yi mai, ya yi kuka ya hizge kai, hannun wanzami ya goce. Ina bayan zana ina kallo. Har yau in ya duƙa gaisuwa shi nika hwara gani."

Ina zaune kan turmi, jakata a cinya. Na ɗaga hannu na kai kuncin hagu, na bi layin da yatsa tun daga gefen baki, har na kai inda ya karkace.